Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin jami'o'i, laburare da sashen ICT: ƙofar mujallu ta san gini amma bata san mutum ba

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranku ya daɗe shugabannin jami'o'i da cibiyoyin bincike, malamanmu masu riƙe da laburare, da injiniyoyin sashen ICT, Allah ya ƙara girma. Ina gaishe ku da aiki. Su ma kamfanonin buga mujallun ilimi in wannan takarda ta iso gare su akwai nasu kason a ƙasa.

Ni ɗalibin digiri na uku ne, ina kuma ɗan koyarwa. Na rubuto ne a madadin ire-irena, ɗaliban mastas da na dakta, ƙananan malamai, masu bincike da aikinsu ba a ofis yake ba, da likitocin da ke karatu suna aiki a asibiti. Ba wanda ya zaɓe ni da ƙuri'a gaskiya, amma duk guruf ɗinmu na WhatsApp da ka shiga kukan ɗaya ne, shi ne na ce bari in tattara shi wuri guda. Kuma dan Allah a ɗauke ta a matsayin gyara kayanka, wanda bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Abin da ya tayar da ni sanarwar da aka fitar ce a makarantarmu kwanakin baya, wai an soke fasuwod ɗin bai ɗaya da muke shiga wasu rumbunan mujallu da shi saboda ya fita waje, daga yanzu duk mai son karatu sai ya zo cikin makaranta ya hau netwok ɗin makaranta. Da na yi ƙorafi sai abokai daga wasu jami'o'in suka ce ai su tuntuni haka suke, shi yasa ban rubuta wa tamu ita kaɗai ba. Ban ce soke fasuwod ɗin laifi bane, fasuwod ɗin da mutum dubbai suka sani ai sunansa sanarwa. Abin da ya dame mu shi ne an rufe ƙofa ɗaya ba a buɗe wata ba, alhali akwai ƙofar da duniya ta gina tun shekaru ashirin da suka wuce.

Bari in fara da babbar matsalar. Makaranta tana biyan kamfanonin mujallu kuɗin rajista duk shekara, makudan kuɗi, da sunan malamai da ɗalibai. Amma yadda kamfanin yake gane mai haƙƙin karantawa shi ne ta lambar IP, wato adireshin da netwok ɗin makaranta ke fita intanet da shi. Kenan abin da kamfanin ya sani shi ne waya da bango. In ka zauna a cikin harabar kai ɗan gida ne ko da wucewa kazo yi, in ka taka waje kai baƙo ne ko da farfesa ne kai mai shekara talatin a sashe. Wannan tsari yayi daidai da zamanin da kwamfuta take a kan tebur a ɗaki ɗaya ana layi a kanta. Yau mutum a waya yake ganin linkin takarda, a Google Scholar ko wani ya turo mishi, da daddare, a gida, a mota, a wurin tattara bayanai, ya danna sai a ce ya biya. Takardar da makarantarsa ta riga ta biya fa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ni kaina akwai daren da bazan manta ba. Saura kwana biyu in miƙa babi na biyu ga supabaiza, sai na tarar da takarda ɗaya da kowa a fagen yake kafa hujja da ita, ni kuma taƙaitawar kawai na gani. Laburare ya tashi tun ƙarfe 10. Haka na je na zauna a matakalar ƙofarsa a rufe, laftof a kan gwiwa, caji saura 14, ina juya ta hagu da dama ina neman inda Wi-Fi zai kama ta jikin taga, mai gadi ya haska ni da tocila sau biyu kafin ya gane ba sata nazo ba. Na samu takardar, shafi 11 ce. A hanyar komawa nake tunanin wata abokiyar karatunmu da ke jego a lokacin, ita wace matakala zata zauna? Da wanda aka tura wani gari aikin bincike na wata shida? Shekarar 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu ai kowa ya ɗanɗana, har manya, na ɗauka daga nan za a gyara, sai aka buɗe makarantu aka manta.

Na san za a ce ai akwai furoksi, akwai VPN, wato hanyoyin da ake bi ta netwok ɗin makaranta daga waje. Eh akwai, a inda ake da su. EZproxy, manhajar furoksi ta laburare, tun 1999 wani ma'aikacin laburare a Amurka, Chris Zagar, ya ƙirƙiro shi, ƙungiyar laburarori ta OCLC ta saye shi a 2008, kuma ya yi wa duniya aiki ba ƙarya. Amma dabarar furoksi ita ce ya ara maka lambar IP ta makaranta, wato yaudarar ƙofar ake ta ɗauka kana ciki. Shi yasa dole sai ka fara daga shafin laburare, ka shiga, ka nemo rumbun, sannan ka sake neman takardar da tun ɗazu take buɗe a gabanka a wani shafin. In kamfanin ya sauya fasalin shafinsa kuma sai abu ya karye har sai wani a laburare ya gyara saitin. VPN kuwa a waya, da sabis mai zuwa yana ɗaukewa, wanda ya gwada ya sani. Sannan ita kanta lambar IP ɗin ƙasa na zamewa a ƙarƙashinta, tun 2021 Apple ya fito da iCloud Private Relay mai ɓoye lambar mai lilo, kuma masu ƙera burauza da yawa hanyar ɓoye bayanan mutum suka nufa.

Na biyu, laifin mutum ɗaya yana hawa kan kowa. Idan wani ya saci hanyar shiga ya saka manhaja tana kwasar takardu dubbai a dare ɗaya, kamfanin baya ganin mutum, lamba yake gani, sai ya toshe lambar, makaranta gaba ɗaya ta shiga duhu har sai an gama musayar imel. Da fasuwod ɗin bai ɗaya ma haka ne, ba wanda zai iya cewa ga wanda ya fitar, sai dai a canza a sake rabawa a sake fitarwa.

Na uku, kuma wannan nake so shugabanni su tsaya a kansa domin magana ce ta kuɗinku. Duk shekara laburare yana karɓar rahoton amfani, irin na ma'aunin COUNTER, a ga sau nawa aka sauke takarda daga kowane rumbu. In lambar tayi ƙasa sai kwamiti ya ce ba a amfani da shi, a yanke. To wa ya ce ba a buƙata? Mutane sun zo ƙofa sun tarar a rufe sun bi ta taga. Wani ya roƙi abokinsa da ke wata jami'a ya turo mishi PDF, wani ya rubuta wa marubucin, da yawa kuma, mu daina ɓoye-ɓoye, Sci-Hub suke tafiya, shafin da ke raba takardun kyauta ba da izinin kamfanoni ba, wanda Alexandra Elbakyan ta buɗe a 2011. Ba ina wanke shi bane, kotuna sun yanke hukunci a kansa, kuma an sha zarginsa da amfani da bayanan shiga na mutanen jami'o'i. Amma a 2016 mujallar Science ta duba bayanan shafin na wata shida, buƙatun saukewa miliyan 28, aka ga da yawa daga garuruwan da ke da manyan jami'o'i masu rajista suke fitowa. Wato ba rashin kuɗi kaɗai ke kai mutum can ba, can ɗin akwati ɗaya ne ka liƙa lambar DOI, wato lambar shaidar takardar, takarda ta fito, nan kuma shafi biyar da fasuwod uku. Ɗalibin da ya saba da haka tun shekarar farko bazai ma san makarantarsa na biyan komai ba. Kun biya, ba a karanta ta hanyarku ba, rahoto ya nuna sifili, kun yanke, wanda ke bin hanyar halal shi ya yi asara.

Akwai kuma tarin akawun. Wannan shafin ka yi rajista, wancan ka yi rajista, na neman tallafi daban, na ajiye bayanan bincike daban, na aikin haɗin gwiwa da wata jami'a daban. Ƙarshenta mutum fasuwod ɗaya yake sakawa ko'ina, ko ya rubuta a bayan littafi. Injiniyoyinmu sun fi ni sanin inda wannan ke kaiwa.

To mene ne muke nema? Abin da masu fasaha ke kira federeshin, ni dai tarayyar shaida nake ce mishi. Bari in faɗi yadda yake a idon mai karatu don kar a ɗauka wani abu ne daga sama. Ka buɗe takarda a shafin kamfani, ko daga ina ka fito. Akwai maɓalli da ke cewa shiga ta makarantarka. Ka danna, ka zaɓi sunan makarantar, sai a mayar da kai shafin shiga na makarantarka, wanda ka sani, ka saka sunanka da fasuwod ɗinka na kullum, irin na imel ɗin makaranta. Daga nan kwamfutar makaranta ta aika wa kamfanin ɗan saƙo mai hatimi cewa wannan namu ne, yana cikin waɗanda aka biya wa. Takarda ta buɗe. Kamfanin bai ga fasuwod ɗinka ba, bazai taɓa gani ba, kuma in ka wuce shafin wani kamfanin a wannan zaman ba sai ka sake bugawa ba.

Ita tarayyar aikinta riƙe rajistar amana. Maimakon kowace makaranta ta ƙulla da kowane kamfani ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shiga rajista ɗaya, ya amince da dokoki ɗaya, a ajiye makullan hatiminsa a can, sai kowa ya iya tabbatar da saƙon kowa. Yaren da kwamfutocin ke magana da shi sunansa SAML, bugu na 2.0 tun 2005 ya fito. Manhajar Shibboleth da Internet2 ta Amurka ta fara fitarwa a 2003 kyauta ce, SimpleSAMLphp da aka fara a Norwe ita ma kyauta ce. Sunan Shibboleth ɗin ma daga wani tsohon labarin Ibraniyawa aka ɗauko, kalma ce da ake sa mutum ya furta a mashigar kogi don a gane ɗan gida ne ko baƙo, kun ga masu abin sun san me suke ginawa. Amurka na da tarayyar InCommon tun 2004, Birtaniya ta kafa tata a 2006, a 2011 kuma GÉANT, hukumar netwok ɗin ilimi da bincike ta Turai, ta fara eduGAIN mai haɗa tarayyoyin ƙasashe, yanzu sun haura 70. Makarantar da bata da ma'aikatan da zasu riƙe abin da kansu akwai masu yi mata a biya, irin OpenAthens. Su kuma Elsevier, Springer Nature, Wiley, Taylor & Francis, JSTOR duk suna karɓar shiga ta wannan hanya. Maɓallin yana nan a shafukansu, mu ne in mun danna muka rubuta sunan makarantarmu sai a ce ba a same ta ba. Wallahi wannan abin yana da ciwo, ka ga jerin makarantu har ƙasa kana ja, taku babu.

Duk wanda ya taɓa zuwa taro a wata jami'a wayarsa ta hau eduroam, Wi-Fi ɗin haɗin gwiwar jami'o'i, da kanta ba tare da ya roƙi kowa fasuwod ba ya riga ya ɗanɗana irin wannan tunanin, makarantarka ce ke tsaya maka a duk inda kake, kuma yana aiki a ƙasashe sama da 100. Ta fuskar fasaha hanyarsu daban ce, amma amanar iri ɗaya ce.

Ban ce ba shi da aibu ba. Shekaru da yawa babban ciwon kansa shi ne tambayar daga ina kake, kowane kamfani da inda ya ɓoye maɓallin da sunan da ya ba shi, wani ma sai ya tambaye ka sunan tarayyarku, ɗalibi ina ya san wannan. Saboda haka ne ƙungiyar mawallafa ta STM da hukumar ma'auni ta NISO suka fara wani aikin gyara mai suna RA21 a 2016, shawarwarinsu suka fito a 2019, daga ciki aka haifi SeamlessAccess, maɓalli iri ɗaya a shafuka daban-daban, ka zaɓi makarantarka sau ɗaya burauzarka ta riƙe.

Sai maganar sirri, kuma nan ina tare da malamanmu na laburare ɗari bisa ɗari. Wani daga cikinsu ya taɓa ce min shi tsoronsa kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago, lambar IP duk rashin kyanta bata faɗa wa kamfani wane ne ke karanta me, yanzu kuma za a haɗa karatu da sunan mutum. Tsoron nan gaskiya ne. Wanda ke bincike a kan cutar da ake jin kunyarta, ko a kan wata gwamnati, ko wata fasahar da bai riga ya yi mata rajista ba, yana da haƙƙin kar a bi sawunsa. Amma abin da saƙon nan zai ɗauka a hannun makaranta yake. Tana iya cewa namu ne kawai ta yi shiru. Tana iya ƙarawa da wata lamba marar ma'ana wadda ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, yadda in an yi ɓarna makaranta ce kaɗai zata iya gano mai lambar ta rufe nasa shi kaɗai. REFEDS, dandalin masu tafiyar da tarayyoyin, ta riga ta tsara matakai uku, wanda ba a san ka ba sam, wanda aka san ka da lambar ɓoye, da wanda ake sakin suna da imel. Karanta mujalla baya buƙatar na ukun. Matsalar tana zuwa ne in an bar injiniya shi kaɗai da saiti, ya ga abu ya ƙi aiki ya saki komai don a huta. Shi yasa ba aikin ICT kaɗai bane.

Yanzu ga roƙonmu kai tsaye.

Ranku ya daɗe shugabanni, ku sa hannu makaranta ta shiga tarayyar shaida ta ƙasarta, galibi hukumar netwok ɗin ilimi da bincike ta ƙasa ce ke riƙe da ita, inda babu kuma ku haɗu da takwarorinku ku matsa a kafa. Ku ba aikin mai shi, mutum mai suna da ofis da kasafi, a saka mishi wa'adi, domin abin da ke kashe irin wannan aikin shi ne laburare ya ce na ICT ne, ICT ya ce na laburare ne, shekara ta ƙare. Kuma kafin komai a gyara rajistar mutane, nan ne ainihin wahalar take ba a manhaja ba. Sabon ɗalibi ya samu akawun ɗinsa a makon da ya yi rajista, ba sai zango ya raba ba. Wanda ya gama ko ya bar aiki a rufe nasa. Ɗalibin dakta da ya wuce shekarunsa amma yana kan rubutu kar kwamfuta ta kore shi ta ɗauka ya tafi, da malamin wucin gadi, da mai ziyara, a zauna a yanke matsayinsu a rubuce. In rajistar nan ta ruɓe duk hatimin da za a buga a kanta ƙarya zai tabbatar.

Injiniyoyinmu, ku ƙara mataki na biyu na tabbatarwa tunda yanzu fasuwod ɗaya zai buɗe ƙofofi da yawa, amma dan Allah ku zaɓi wanda zai yi aiki ko sabis ya ɗauke. Shafin shiga ya buɗe da kyau a ƙaramar waya. Kuma na'urar da ke ba da shaidar kar ta kwana a kashe, in ta mutu ranar Juma'a da yamma kar mu jira Litinin, domin ranar da ta faɗi kowa ya faɗi.

Malamanmu na laburare, ku ne masu sa hannu a yarjejeniya da kamfanoni, ku rubuta a ciki ƙarara cewa shiga ta tarayya na cikin abin da aka saya, kuma ba za a nemi suna ko imel ɗin mai karatu ba. Ku wallafa mana a shafi ɗaya, da harshen da mutum zai gane, wane bayani ake saki ga wane kamfani. Kar kuma ku kashe lambar IP a cikin ginin laburare, akwai mutanen gari da tsofaffin ɗalibai da ke shigowa karatu ba su da akawun, yarjejeniyoyi da yawa sun yarda da su, kar gyaranmu ya zama korarsu. Furoksin ma a bar shi ga ƙananan rumbunan da basu iya sabuwar hanyar ba. Sannan a koya wa mutane, minti goma a makon karɓar sabbin ɗalibai ya isa, a nuna musu maɓallin a allo su danna da hannunsu.

Ku kuma kamfanoni, ku saka maɓallin a saman takarda inda ido zai fara sauka, ba a ƙarƙashin na biya da kati ba. In mutum ya gama shiga ku dawo da shi kan takardar da yake nema, ba shafin farko ba ya fara lalube daga tushe. Kuma bayan makarantata ta tsaya min kar ku sake tare ni da fom wai in buɗe akawun na kaina kafin in sauke, in ina so zan buɗe da kaina.

Mu ma ba zamu naɗe hannu ba. A cikinmu akwai waɗanda suka yarda su zama 'yan gwaji, a fara da sashe ɗaya da rumbu biyu ko uku, mu gwada daga gida da waya da laftof, mu rubuto duk inda ya maƙale da hoton allo. Muna roƙon a kira zama ɗaya kafin a sabunta rajistar shekara mai zuwa, laburare da ICT da ofishin karatun gaba da digiri da wakilanmu biyu a tebur ɗaya, a faɗa mana ranar. Babi na uku nake kai yanzu, akwai takardu tara da na jera a fayil ina jiran ranar da zan shiga makaranta in sauke su.

Wassalamu alaikum.

Naku,
ɗalibin digiri na uku, a madadin 'yan uwansa masu bincike